Afuwa bayan shekara 90: me ya kai majalisar Dublin cikin maganar sojojin da Birtaniya ta harbe?

Ɗan Dublin:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan, tunda muna da malamai da lauyoyi, ga kuma Baba Samanja da ya san aikin soja ciki da bai.

A wurin aikinmu a Dublin, babban birnin Ireland, akwai wani dattijo ɗan ƙasar nan. Muna shan shayi sai ya ba ni labarin yadda, bayan rasuwar mahaifiyarsa, suka tarar da wani gwangwanin biskit a ƙasan akwatinta. Da suka buɗe sai ga lambobin yabo na soja guda biyu da hoton wani saurayi cikin kaki. Ashe ƙanen kakansa ne, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin rundunar Birtaniya, amma tsawon rayuwarsa bai taɓa jin an ambaci sunansa a gidan ba. Dalili kuwa, bayan kudancin Ireland ya ɓalle a 1922, wanda duk ya taɓa sa kakin Ingila ana masa kallon wanda ya bauta wa azzalumi. Mutum wajen 200,000 daga tsibirin nan suka je yaƙin, amma aka yi shekaru ana yi kamar ba a yi su ba.

Daga nan ya gangaro kan wasu 26 'yan Ireland da rundunar Birtaniyar da kanta ta ɗaure a jikin turke ta harbe da asuba, bisa laifin gudu daga fagen daga ko ƙin bin oda. Suna cikin sojoji 306 da aka yi wa haka. Gwamnatin Dublin ta sa aka duba fayilolinsu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Landan rahoto a 2004, 'yan majalisarta suka yi ta magana, har Birtaniya ta yi wa dukkan 306 ɗin afuwa a Nuwamban 2006. Kuma wannan majalisar ce dai ta sha tayar da maganar rikicin Katolika da Furotesta a Ireland ta Arewa, wadda yanki ce ta Birtaniya.

Tambayata biyu. Majalisar wata ƙasa tana da hurumin sa baki a irin wannan? Sannan afuwar da ta zo bayan shekara 90 da binne mutum, wa ta amfana?

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni amsata gajera ce. Ta farko, babu hurumi. Ta biyu, ihu ne bayan hari. Mu ma nan muna jin yadda majalisun ƙasashen waje ke zama a kan rikicinmu, su ƙirga gawarwakin ɓangare ɗaya su manta da ɗaya, su bar mu da ƙarin gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsohon Samanja:
Salamu alaikum. Na gode ɗana da ka ambace ni. Zan faɗi abin da wasunku ba za su so ba.

Wanda bai taɓa kwana a rami yana jiran hari ba yana ganin gudu abu ne tsakanin mutum da ransa. A wurinmu ba haka yake ba. In an ajiye ku ku 10 ku tsare wuri, ɗaya ya sulale, nauyinsa a kan sauran 9 ya koma, kuma wataƙila ta gefen da ya bari za a shigo a yanka su. Waɗannan 9 ɗin su ma suna da iyaye, su ma cikinsu ya ɗuri ruwa, amma suka tsaya. Su wa zai nema musu haƙƙi?

Kuma a duba lissafin da kyau. Kotunan sojan Birtaniya sun yanke hukuncin kisa fiye da 3,000 a yaƙin nan, waɗanda aka zartar 346 ne. Kusan 9 cikin 10 an sassauta musu. Cikin waɗanda aka harbe akwai waɗanda an taɓa yafe musu gudu na farko suka sake. To a zo a tara su duka, mai uzuri da marar uzuri, a ce an yafe, ni wannan bai kwanta mini ba. Doka ce ta wancan zamani, kowane kurtu an karanta masa ita a fareti.

Anti Nas:
Baba Samanja, Allah ya ƙara girma. Maganarka a kan waɗanda suka tsaya gaskiya ce, ba mai musu. Amma ka ba ni dama in kawo mutum ɗaya.

Harry Farr soja ne tun kafin yaƙin, yana Faransa tun 1914. A 1915 ya yi wata 5 kwance a asibiti saboda rugugin igwa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, hannunsa na karkarwa har ba ya iya riƙe alƙalami, sai ma'aikaciyar jinya ce ke rubuta masa wasiƙa zuwa ga matarsa. Aka sallame shi aka mayar da shi bakin daga. A Satumban 1916, ana tsakiyar gumurzun Somme a Faransa, ya nemi ganin likita, aka kore shi saboda ba a ga jini a jikinsa ba. Ya ce ba zai iya komawa gaba ba. Shari'arsa ba ta wuce minti 20 ba, shi ya kare kansa da kansa. Ranar 18 ga Oktoba 1916 aka harbe shi, yana da shekara 25, kuma ya ƙi yarda a ɗaure masa ido.

Baba, matsoraci ne zai ce a bar masa idonsa a buɗe ya kalli bakin bindiga?

Ni na yi jinyar mutanen da suka tsira daga hari. Na ga namiji ƙaƙƙarfa, faranti ya faɗi a baranda, ya shige ƙarƙashin gado yana rawar ɗari, sai da muka yi kusan awa muna lallashi. Ba shi ya zaɓa ba, jikin ne ya ƙi. Kuma kar a ce a lokacin ba a san ciwon ba. Tun 1915 likitocin rundunar suke rubutu a kansa, kafin a gama yaƙin an rubuta mutum wajen 80,000 da suka kamu. Hafsoshi in ya same su akan kai su asibiti na musamman irin na Craiglockhart a Edinburgh. Cikin 306 ɗin nan hafsoshi 2 ne kawai.

Tsohon Samanja:
'Yata, wannan na Farr zalunci ne, ban da ja. Irinsa nake cewa a ware a wanke shi da sunansa. Abin da na ƙi shi ne kuɗin goro.

Barista:
Baba, ai matsalar ke nan da ta hana ruwa gudu shekara da shekaru. Firaministan Birtaniya John Major ya ƙi a 1993. A 1998 gwamnatin Labour ta sake dubawa, minista John Reid ya bayyana takaici a majalisa amma ya ce ba za a iya afuwa ba, saboda takardun da suka rage ba su isa a tantance wane ne mai uzuri ba. Wasu fayilolin 'yan shafuka ne, shaidu duk sun mutu. Da Des Browne ya zama sakataren tsaro a 2006 sai ya juya hujjar: tunda ba za a iya tantancewa ba, kuma an tabbata akwai waɗanda aka zalunta, to a haɗa su duka. Lokacin kuma 'yar Harry Farr, Gertrude Harris, tana da ƙara a babbar kotu, tana da shekara 93.

Amma a lura da abin da dokar ta ce, don mutane da yawa suna ɗauka an wanke su ne. Sashe na 359 na dokar rundunonin soja ta 2006 ya ce a ɗauke su a matsayin waɗanda yaƙin ya ci, amma ya fayyace cewa hukuncin da kotun soja ta yanke yana nan bai rushe ba, kuma babu diyya ko ta sisi. Waɗanda aka kashe bisa laifin kisan kai kuwa ba sa ciki. Wato an cire musu tabon kunya ne, ba a ce alƙalan sun yi kuskure ba. Ni a ganina an yi haka ne don a ba irin su Baba Samanja nasu haƙƙin su ma.

Malamar Tarihi:
Auta, ka ce ihu bayan hari. Bari in gaya maka abin da ya sami matar Farr. Da aka gane yadda mijinta ya mutu sai aka tsayar da fanshonta, ta kasa biyan haya, ta fita daga gidan da 'yarta mai shekara 3. Ita 'yar sai da ta girma ta zama uwa kafin ta san gaskiyar yadda ubanta ya mutu, don a gidan ba a faɗa. Akwai garuruwa da yawa da aka ƙi rubuta sunayen irin waɗannan a jikin dutsen tunawa da mazan jiya. Wanda ya mutu ya huta, amma kunyar gado aka bar wa na baya, har jikoki. Afuwar tasu ce.

Yanzu kan batun hurumi, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Kalli mutum biyu cikin 26 ɗin.

Patrick Downey ɗan Limerick ne, can kudu, shekararsa 19. An harbe shi a kusa da Salonika ta ƙasar Girka a Disambar 1915. Laifin da aka rubuta: ƙin bin oda, ciki har da ƙin sa hularsa.

James Crozier kuwa ɗan Belfast ne, daga rundunar Ulster ta 36, wadda Furotesta masu son zama da Birtaniya suka cika. An harbe shi a Fabrairun 1916 bisa laifin barin wurin aikinsa. Kwamandansa, Frank Crozier (sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba dangi ba ne), shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ya yi wa uwar yaron alkawarin zai kula da shi ranar da ya shiga soja, kuma sai da aka ɗirka wa yaron giya ya fita hayyacinsa kafin a kai shi turke. Wannan Frank Crozier ɗin, ga wanda bai sani ba, ya yi aiki a rundunar 'yan mulkin mallaka a Arewacin Najeriya a farkon shekarun 1900, kafin ya koma can.

To da Dublin ta tashi neman afuwa, ba ta ce a ba ta na kudu a bar na Belfast ba. Ta nema wa duka. A ƙasar da hatta furen tunawa da sojoji, jan furen nan da ake maƙalawa a ƙirji a watan Nuwamba, ya zama alamar ɓangaranci, samun magana ɗaya da ɗan Katolika da ɗan Furotesta za su sa hannu a kai ba ƙaramin abu ba ne.

Auta:
Malama na ji, kuma labarin matar ya taɓa ni. Amma har yanzu wannan na matattu ne. Rikicin Ireland ta Arewa fa? Ƙasa mai cin gashin kanta, wata majalisa a waje tana zartar da ƙuduri a kanta?

Barista:
Ƙanena, abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da Furotestan Arewa suka faɗa a 1985, lokacin da firaministar Birtaniya Margaret Thatcher da na Ireland Garret FitzGerald suka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba Dublin damar ba da shawara kan harkokin Arewa. Dubban mutane suka cika gaban zauren birnin Belfast, jagoransu Ian Paisley na jawabi, 'yan majalisarsu 15 suka ajiye kujerunsu a Landan don nuna fushi. Don haka ra'ayinka yana da magoya baya a can, kuma ba mutanen banza ba.

Sai dai Dublin ba baƙuwa ce kamar kowace baƙuwa ba. Tsibiri ɗaya ne aka raba a 1921, gundumomi 6 suka zauna da Birtaniya. Wanda aka haifa a Belfast yana da damar riƙe fasfon Ireland. Kuma wutar ta tsallaka iyaka: ranar 17 ga Mayu 1974 bama-bamai suka tashi a Dublin da Monaghan, mutum 33 suka mutu, har da mace mai tsohon ciki. Ƙungiyar 'yan bindigar Furotesta ta UVF ta amsa a 1993 cewa ita ta yi, amma har yau ba a ɗaure kowa ba, kuma akwai zargin hannun wasu jami'an tsaron Birtaniya. Majalisar Dublin, duk jam'iyyu baki ɗaya, ta zartar da ƙuduri a 2008 da 2011 da 2016 tana neman Landan ta buɗe takardunta ga wani alƙali mai zaman kansa. Wanda aka kashe masa mutane a tsakiyar babban birninsa, in ya yi magana ba za a ce shisshigi ya yi ba.

Ɗan Dublin:
Bari in ƙara da abin da idona ya gani. Na je Belfast bara. Tsakanin unguwar Falls ta Katolika da Shankill ta Furotesta akwai katanga, wani wurin ta fi gidan sama tsawo, an ɗora mata waya a kai don kar a jefo abu. Akwai ƙofofin ƙarfe da ake rufewa in dare ya yi. Gidajen da ke jikin katangar wasu an rufe bayansu da ragar ƙarfe kamar keji. A gefe ɗaya an shafa wa bakin titi fenti ja da fari da shuɗi, a ɗaya gefen tuta kore da fari da ruwan lemo. Wannan fa fiye da shekara 25 ke nan bayan sulhun 1998 da ya kawo ƙarshen rikicin. Direban da ya zaga da ni ya ce shi bai taɓa zama aji ɗaya da ɗan ɗaya ɓangaren ba har ya gama makaranta, kuma har yanzu yaran da ke makarantun haɗaka ba su kai 1 cikin 10 ba.

Mutum fiye da 3,500 suka mutu a rikicin nan cikin shekara 30, a yankin da mutanensa ba su kai miliyan 2 ba. Kusan kowa ya san wani da aka kashe.

Tsohon Samanja:
To ni ina da tambaya ga masu kare Dublin. Laifi tudu ne. Ita ba ta harbe nata ba? A yaƙin basasarsu na 1922 zuwa 1923 sabuwar gwamnatin Ireland ta harbe fursunoni aƙalla 77, 'yan ƙasarta, waɗanda jiya-jiya suke yaƙi tare. Ya ninka 26 sau nawa? Kuma 'yan IRA, 'yan bindigar da ke neman haɗe Ireland, da ke kashe mutane a Arewa, ba ta kudu suke tserewa ba?

Malamar Tarihi:
Baba, wannan tambayar ta zauna daidai, kuma 'yan Ireland da kansu suna yin ta. Kashe-kashen yaƙin basasa har yanzu miki ne a siyasarsu. Amma akwai wuraren da suka taka nasu tudun.

A Yaƙin Duniya na Biyu Ireland ba ta shiga ba, sai sojojinta kusan 5,000 suka gudu daga bariki suka shiga rundunar Birtaniya don yaƙar Hitler. Da suka dawo a 1945 gwamnatin firaminista de Valera ta kore su, ta hana su fansho, ta hana a ɗauke su aikin gwamnati na shekara 7. A 2012 ministan tsaro Alan Shatter ya nemi gafara a gaban majalisa, a 2013 aka yi dokar yafe musu. Sannan kwamitin bincike na alƙali Smithwick, wanda majalisar Dublin ta kafa da kanta, ya yanke a 2013 cewa akwai haɗin bakin wani daga cikin 'yan sandan Ireland a kisan da IRA ta yi wa manyan 'yan sandan Arewa biyu a 1989, gwamnati kuma ta nemi afuwar iyalansu. Kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1998, kashi 94 cikin 100 na masu zaɓe a kudu suka yarda a cire iƙirarin mallakar Arewa daga tsarin mulkinsu. Wato sun biya wani abu kafin bakinsu ya yi nauyi.

Akwai kuma Gordon Wilson. Ranar 8 ga Nuwamba 1987 IRA ta tayar da bam a Enniskillen, a daidai wurin da mutane suka taru don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya. Mutum 11 suka mutu a ranar, duk Furotesta. Wilson da 'yarsa Marie, ɗalibar aikin jinya mai shekara 20, gini ya danne su tare, yana riƙe da hannunta. Ita ba ta yi rai ba. Shi kuma ya fito ya ce ba ya riƙe da kowa a zuciya, ya roƙi kar a ɗauki fansa. A 1993 firaministan Ireland Albert Reynolds ya naɗa shi ɗan Majalisar Dattawa a Dublin. Furotesta daga Arewa, wanda masu iƙirarin yaƙi don haɗe Ireland suka kashe wa 'ya, ya zauna a majalisar kudu ana sauraronsa.

Auta, ni ma'aunina ke nan ga duk majalisar waje da ta buɗe baki: tana kuka da gawar ɓangaren da ba nata ba? Tana yarda a binciki nata hannun?

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Ku da kuke maganar Ingila, ku san cewa ta fi Faransa saurin yanke shawara a nan. Faransa ta harbe sojojinta 639 bisa rashin biyayya a yaƙin 1914, yawancinsu a shekara biyun farko, don su zama darasi ga saura. Wasu kaɗan an wanke su tun tsakanin yaƙe-yaƙen biyu, kamar kofur 4 na Souain da aka harbe a 1915 kotu ta wanke su a 1934. A 1998 firaminista Lionel Jospin ya je Craonne ya ce a mayar da su cikin tarihin ƙasa, aka yi masa ca. A Janairun 2022 majalisar dokoki ta amince a wanke su duka, a Fabrairun 2023 majalisar dattawa ta yi watsi da shi. Hujjarsu irin ta Baba Samanja ce.

Mu kuma a wannan yanki abin da ke ci mana rai Thiaroye ne, kusa da Dakar. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, don sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. Faransa ta ce 35 ne, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Waɗanda suka tsira wasu aka kai su kotun soja aka ɗaure da sunan tawaye. Sai a 2024 Macron ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne, kuma da Senegal ba ta dage ba da ba a kai nan ba. Don haka ni ban yarda da Auta ba. Wani lokaci in na waje bai matsa ba, na ciki ba ya buɗe akwati.

Hajiyar Zongo:
Salamu alaikum 'ya'yana, daga Kumasi. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ku kuna ta Ireland, ni abin da nake so ku sani shi ne cikin 306 ɗin nan akwai namu. Akwai sojojin rundunar Gold Coast, akwai na rundunar Najeriya, akwai na Saliyo. A jerin sunayen za ka ga Frafra, ka ga Mamprusi, ka ga Sabongida. Duk wanda ya tashi a zongo ya san waɗannan ba sunan uba ba ne. Bature in zai ɗauki mutum soja sai ya rubuta sunansa na yanka ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsu, shi ke nan. Haka aka yi wa Alhaji Grunshi, wanda aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a yaƙin gaba ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914.

Kakana ya yi yaƙin Jamus a Gabashin Afirka. Abin da nake tunawa, in hadari ya taso aka yi tsawa, sai ya tashi daga tabarma ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, kakata ta ce mu yi shiru kar mu bi shi. Muna yara muna ɗauka iska ce. Da na karanta abin da Anti Nas ta rubuta sai da na ajiye wayar na yi hawaye.

'Yan Ireland sun sami gwamnati da ta buɗe fayil 26 ta karanta. New Zealand ta yi wa nata 5 doka tun 2000. Kanada ta karanta sunayen nata 23 a majalisa a 2001. Namu an yafe musu a cikin ayari, amma wa ya je ya gaya wa danginsu? Da wane harshe ma aka yi musu shari'ar?

Anti Nas:
Allah ya jiƙan Kaka, Hajiya. Ba iska ba ce, ciwo ne, kuma ya ɗauke shi shi kaɗai har kabari.

Barista:
Amin. Akwai abu ɗaya da nake so a raba, don na ga ana haɗa su a wasu wurare. A 2023 Birtaniya ta yi wata doka kan kashe-kashen rikicin Arewa, wadda ta tanadi kariya daga tuhuma ga wanda ya ba da bayani, soja ne ko ɗan bindiga, ta kuma rufe ƙofar ƙararraki da binciken musabbabin mutuwa. Manyan jam'iyyun Arewa duka, na Katolika da na Furotesta, suka ƙi ta. Dublin ta kai Birtaniya ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a Janairun 2024, wata kotu a Belfast ta ce sashen kariyar ya saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan adam, gwamnatin Labour da ta hau a 2024 kuma ta yi alkawarin soke shi.

Wani zai ce ai Dublin ce ta nemi afuwa a 2004, don me take ƙin afuwa a 2023? Abu biyu ne daban. Na farko yara ne da ba su kashe kowa ba, hukuma ta kashe su, danginsu suka roƙa. Na biyu masu kisa ne, wasu na raye, kuma dangin waɗanda aka kashe ne ke cewa ba su yafe ba. Ko a shari'armu ta Musulunci, yafe jini haƙƙin waliyyan mamaci ne, ba na sarki ba.

Auta:
Barista wannan bambancin ya shige ni. Na janye maganar ihu bayan hari. Amma kan majalisun waje ina nan a kan rabin bakana: Dublin ta cika sharuɗɗan da Malama ta faɗa saboda wutar na iya cin gidanta. Wanda yake nesa da teku, ba abin da zai same shi in maganarsa ta ƙara hura wuta, shi ban yarda da shi ba.

Malamar Tarihi:
To ka tuna wanda ya shugabanci zaman sulhun 1998 George Mitchell ne, tsohon sanatan Amurka, daga ƙetaren teku. Amma ka kuma tuna daga Amurkar ne wasu suka riƙa tara wa IRA kuɗi. Duka biyun sun faru, shi ya sa ba zan ce ka yi kuskure gaba ɗaya ba.

Tsohon Samanja:
Na yi shiru ne ina tunani. Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa a wani aikin kiyaye zaman lafiya, ba zan faɗi wuri ba. Daren farko da aka yi mana ruwan wuta ya ƙanƙame bindigarsa ya kasa ko ɗaga kai, fitsari ya jiƙa masa wando. Na mare shi, na zage shi a gaban 'yan'uwansa. Da gari ya waye na ga idonsa, na san ba ya tare da mu. Na mayar da shi wurin masu dafa abinci ban rubuta shi ba. Bayan wata biyu ya dawo da kansa ya ce in mayar da shi layi, kuma ya yi aiki har muka dawo gida. Da a 1916 ne, kuma da na rubuta shi, da 'yan sashensa ne za a tara da asuba, a maƙala masa farin ƙyalle a ƙirji, a ce su harba. Marin nan har yau yana damuna.

Ban canja ra'ayi kan cewa soja sai da horo ba, kuma har gobe ina ganin waɗanda suka tsaya suka mutu sun fi cancantar a fara ambatonsu. Amma majalisar Birtaniya da kanta ta soke hukuncin kisa kan tsoro da gudu tun 1930, shekara 12 kacal bayan yaƙin, lokacin da waɗanda suka yi shi suna raye suna zaune a majalisar. Ostireliya kuwa ko ɗaya ba ta bari an harbe mata ba, kuma ba wanda ya ce sojojinta ragwaye ne. Wannan ya isa ya sa in sassauta.

Ɗan Dublin:
Allah ya saka da alheri Baba, ba kowa ne zai iya faɗin wannan a bainar jama'a ba.

Hajiya, akwai wurin tunawa da su a Alrewas cikin Staffordshire ta Ingila, an buɗe shi a 2001. Mutum-mutumin wani yaro ne an ɗaure masa ido, hannuwa a baya, an sassaƙa shi da siffar Herbert Burden da aka harbe yana da shekara 17. A bayansa turaku ne na katako a jere, kowanne da suna da runduna da ranar da aka harbe mai shi, an kuma sa wurin a gefen gabas inda hasken asuba ke fara sauka. Ina da niyyar zuwa Birmingham wurin wani ɗan'uwa bayan sallah, kuma ba nisa.

Hajiyar Zongo:
To ɗana, in Allah ya kai ka, ka nemo mini turakun namu ka ɗauko hoto, kowanne daban, yadda sunan zai fito sosai. Akwai 'yan Frafra da Mamprusi da yawa a unguwarmu, zan kai wa shugabanninsu su gani, ko Allah zai sa wani ya gane nasa.

Ɗan Dublin:
In sha Allahu Hajiya. Na Sabongida kuma zan turo wa Malama.